A San Irin Robar Kafin A Wanke Tsohon Rediyo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani aiki da ake raina shi, alhali ɓarnar da ake yi a cikinsa ba ta gyaruwa. Maganar wanke tsohon akwatin rediyo ce, musamman robar jikinsa idan dauɗa da maiƙo sun yi mata kanta.

Da yawa daga cikin tsofaffin rediyon da fuskarsu ta lalace, ba shekaru ne suka ci su ba, hannun mai wanki ne. Rediyo zai yi shekara hamsin ko sittin a ajiye, ƙura ta binne shi, amma ƙyallinsa da rubutunsa suna nan lafiya lau a ƙarƙashin dauɗar. Sai mai kyakkyawar niyya ya ɗauko tsumma, ya jiƙa shi da fetur ko tina, cikin minti guda robar ta yi fari fat, ta kama danƙo, lambobin tashoshi suka bi tsumman. Garin gyaran gira an rasa ido. Dauɗar da ta ƙi fita yau ana iya sake gwada ta gobe, amma rubutun da ya goge da sheƙin da aka kankare sun tafi ke nan. Tushen matsalar kuwa shi ne kalmar roba da muke kiran komai da ita. A jikin rediyo ɗaya ana iya samun roba iri uku ko huɗu, kuma abin da ke wanke wannan shi ne ke narkar da waccan.

Mafi tsufa a robobin da ake yin akwatin da su ita ce Bakelite, wadda Leo Baekeland, masanin haɗa sinadarai ɗan asalin Beljiyam, ya ƙirƙiro a Amurka a 1907. Da ita aka yi akwatunan rediyo masu launin ƙasa-ƙasa ko baƙi tun daga shekarun 1930 har zuwa na 1950, irin su Ekco AD65 mai siffar da'ira na 1934 da Bush DAC90 na 1946, dukansu daga Ingila. Tana da nauyi da kauri, idan aka ƙwanƙwasa ta da farce sautinta a daskare yake, kuma wuta ba ta narkar da ita. Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da ita shi ne yadda aka yi ta: danƙon fenol da fomaldehaid ne aka cuɗa da garin katako aka matse a cikin zafi. Sheƙin da ake gani wata 'yar siririyar fata ce ta zallar danƙon a sama. Da zarar an kankare wannan fatar, garin katakon ya bayyana, wurin zai zama dususu, kuma duk gugar da za a ƙara sai dai ta ƙara dusashe shi. Bakelite ba ta cika jin tsoron fetur ko sifirit ba. Maƙiyanta su ne duk wani abin wanki mai kaifi irin na soda da amoniya, sai kuma samfefa da rana.

Akwai 'yar'uwarta Catalin, wadda aka zuba a mazubi ba tare da garin katako ba, shi ya sa haske ke ratsa ta kuma take zuwa da launuka masu ɗaukar ido, kamar rediyon kamfanin Fada mai siffar harsashi na shekarun 1940. Ita tana tsukewa da shekaru, har ta tsage a wuraren da sukurori suka riƙe ta, kuma haske yana juya launinta: fara ta koma rawaya mai duhu, shuɗiya ta koma kore-kore. Wannan launin ba dauɗa ba ne, kada a yi ta dirzarsa. Sai kuma farar roba ko mai ruwan madara da ake kira Plaskon, wadda ke saurin yin 'yan tsage-tsage kamar gashi. A lura kuma: fararen rediyo da yawa na wancan zamani Bakelite ce mai duhu aka shafa mata fenti. A leƙa cikin akwatin. In ciki duhu ne waje fari, to fenti ake wankewa, ba roba ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai wata roba mai suna folistirin ta karɓe kasuwa, musamman da zuwan ƙananan rediyon aljihu, tun daga Regency TR-1 na 1954 da Sony TR-63 na 1957. Ba ta da nauyi, siririya ce, idan aka ƙwanƙwasa ta tana ƙara kamar gwangwani, kuma a cikinta ana ganin 'yan zagayayyun tabo inda injin ya turo ta daga mazubi. Ita ce mafi rauni a gaban sinadarai. Asiton, wato ruwan goge jan farce, da tina da fetur suna narkar da ita nan take. Har man ɓawon lemo da ake sawa a wasu magungunan cire gam yana cin ta. Daga baya aka koma ABS, robar rediyo masu kaset da yawa, wadda ta fi ƙwari amma ita ma asiton na narkar da ita, kuma tana yin rawaya da shekaru. A kan na baya-bayan nan sau da yawa masu ƙera su sun buga haruffan PS (wato folistirin) ko ABS a cikin murfin, sai a duba a huta da kintace.

Tagar da ake hango tashoshi ta cikinta kan zama gilashi, ko roba mai haske irin akirilik, ko kuma saluloid a kan rediyo mafi tsufa. Akirilik ba ta shiri da sifirit da amoniya: ba lallai ta nuna komai a take ba, sai bayan sa'o'i a ga ta cika da ƙananan tsage masu walƙiya a cikin jikinta, waɗanda babu gugar da ke kai musu. Saluloid kuwa, banda narkewa a asiton, tana kama wuta kamar busasshiyar ciyawa. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin gwajin nan na ɗosana zazzafar allura a jikin roba don a gane irinta. Gwajin yana barin rami, kuma a kan saluloid yana iya tada gobara. In ana son tabbatar da Bakelite, a murza wani lungu da babban yatsa har ya ɗumama a shinshina: tana ba da wani wari mai kama da na maganin asibiti. Maɓallan murɗawa na wasu tsofaffin rediyon Amurka kuma an yi su da Tenite, wadda ke lanƙwashewa, ta fitar da farin gari a jiki da wari mai tsami. Wannan ruɓewa ce daga cikin robar. Za a goge garin, amma zai dawo.

Kafin ruwa ya zo kusa, a zare filogi daga bango, a cire batir. Rediyo mai bawul, wato kwalaben nan masu haske a ciki, yana da kondensa da ke iya riƙe caji mai ƙarfi bayan an kashe shi, don haka wanda bai iya sauke cajin ba kada ya kai yatsa ƙarƙashin shasi, farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kansa. A wasu tsofaffin akwatuna ana samun wani farin faifai mai kama da kwali a manne a saman bawul don kare zafi. Yana iya zama asbestos, wanda shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Kada a kankare shi, kada a busa masa iska, kada a sa masa buroshi. Haka ma garin nan fari ko rawaya-rawaya da ke fitowa a kan shasi, yana iya zama tsatsar kadmiyam, ƙarfen da ake lulluɓe shasi da shi, kuma guba ce. A sa safar hannu da takunkumi, a ɗauke shi da jiƙaƙƙen tsumma a jefar da tsumman.

Sai a ɗauki hotuna da waya: gaba, baya, ciki, inda kowace waya ta bi, da inda allurar tasha ta tsaya. A raba robar da kayan lantarki gaba ɗaya, domin wankin da ake yi shasi na ciki rabin wanki ne, kuma ɗigon ruwa ɗaya a kan takardar lasifika ya isa ya ɓata ta. Wajen cire maɓallan murɗawa ake fara ɓarna. A duba gefensu tukuna, wasu suna da ɗan ƙaramin sukuru da ke riƙe su, in ba a kwance shi ba aka ja, maɓallin zai fashe. Waɗanda ba su da sukuru turawa kawai aka yi, sai a zura igiya ko siririn ƙyalle ta bayansu, a haɗa bakin biyu, a ja kai tsaye da ƙarfi daidai ta kowane gefe. Kada a ɓanɓare da sukudireba, domin ko dai ta ɓantare bakin maɓallin ko ta bar tabo a fuskar rediyon. Sukurorin kuma a jera su a kan kwali, a rubuta inda kowanne ya fito. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon sukuru a gajeren rami yana hudo fuskar akwatin ta gaba.

Akwai abubuwan da ba a cirewa sai dole. Ragar alminiyam ta gaban lasifika ana riƙe ta ne da 'yan kunnuwa da aka lanƙwasa ta baya, kuma ba sa jure miƙewa da lanƙwasawa fiye da sau ɗaya ko biyu. Tambarin kamfani da wasu adon an kafe su ne da ƙusoshin roba da aka narkar da kansu. Takardar da ke manne a ciki, mai lambar samfuri da zanen yadda aka haɗa kayan, tana da daraja ga duk mai gyaran da zai zo daga baya. Idan akwatin yana ɗauke da irin waɗannan, ko da ƙyallen lasifika da aka liƙa da gam, ko wayar eriya a manne a murfin baya, to ba a tsoma shi a ruwa. Gogewa za a yi da hannu, ana kewaye su.

Wankin farko busasshe ne. Ƙura yashi ce mai laushi, in aka murza ta da tsumma ta zama samfefa. A kaɗe ta da buroshin fenti mai laushi, sabo, ana tare ta da injin zuƙe ƙura ko ana yi a waje. Lungunan raga da tsagin ado a bi su da tsinken katako, ba da allura ko wuƙa ba.

Daga nan sai ruwa da sabulu, kuma ina roƙon masu karatu su yarda cewa wannan kaɗai yana fitar da mafi yawan dauɗa. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, kimanin digiri 30 zuwa 35, wato ɗumin da hannu ba ya jin komai a cikinsa. Ruwan zafi yana sa siririyar folistirin ta murɗe, kuma murfin da ya murɗe ba ya sake zama daidai a mazauninsa. Garin sabulun wanki bai dace ba: yana da kaifin soda da ke dusashe Bakelite da alminiyam, kuma ƙwayoyin da ba su narke ba suna ƙarzar roba. Tsumman ya zama auduga mai laushi, tsohuwar singileti da aka wanke ta wadatar. Takardar goge hannu tana barin ƙananan ƙarce a kan roba mai sheƙi. Soson ƙarfe da koren soson wanke tukunya ba su da wurin zama a wannan aikin. Haka kuma farin soson nan na melamin da ake tallarsa a matsayin mai goge komai: yana goge komai ne domin kankara yake yi, kuma zai tafi da sheƙi da rubutu tare da dauɗar.

Komai za a shafa, ko da sabulun ne, a fara gwada shi a wurin da ido ba ya gani, a cikin murfi ko a ƙasan akwatin, da tsinken auduga. A shafa, a jira minti biyar, a duba wurin a cikin haske, a duba audugar. In launin robar ya hau audugar, ko wurin ya yi danƙo ko ya dusashe, a tsaya. Ga masu sinadari mai ƙarfi, gara a bar gwajin ya kwana, domin wata ɓarnar ba ta fitowa da wuri.

Murfin folistirin ko ABS da ba shi da takarda, ba fenti, ba ƙarfe, ana iya jiƙa shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, sannan a bi shi da buroshin haƙori mai laushi. Roba mai ƙuraje-ƙuraje ko mai zanen fata a jiki tana ɓoye dauɗa a cikin ramukanta, sai a juya buroshin a zagaye a hankali, a bar kumfa ta ɗago dattin. Bakelite ba a jiƙa ta. Duk inda fatarta ta ƙoƙe ko ta ɓantare, garin katakon yana shan ruwa ya kumbura. A goge ta da tsumman da aka matse sosai, tafin hannu ɗaya a lokaci guda, a ɗauraye da wani tsumman mai ruwa zalla, a busar nan take. In tsumman ya yi ta fitowa da launin ƙasa bayan an goge wuri ɗaya sau uku ko huɗu, to ba dauɗa ba ce kuma, saman robar ne da ya tsufa yake biyo shi. A daina.

Dauɗar da ta fi taurin kai ita ce ta hayaƙin taba da ta maiƙon kicin, wata rawayar fata mai danƙo da ƙura ta manne a kanta. Maganinta lokaci ne. A shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma mai sabulu a kan wurin minti biyar zuwa goma domin ta yi laushi, a ɗauke, a goge, a maimaita. Sau uku a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi. Idan sabulu ya gaza a kan ABS ko folistirin marar rubutu, ana iya tsoma tsinken auduga a sifirit irin na aisofurofil, a shafa da sauri a wuri kaɗan, a bi da ruwa. Amma sifirit yana ɗauke fentin azurfa da rubutun da aka buga a kan roba, kuma kamar yadda na ce, ba ya kusantar tagar akirilik. Ruwan wanke gilashi mai amoniya da maganin wanke murhu a bar su inda suke. Bilic ba ya cire maiƙo, kuma haɗa shi da amoniya yana fitar da iska mai guba.

Gam ɗin sitika da na salatif yana fita da ɗigon man girki: a shafa, a bari minti goma, a ture da farce ko gefen tsohon katin roba, sannan a wanke man tas da sabulu. Kada a bar mai ya kwana a kan folistirin, musamman kusa da ramin sukuru, domin yana shiga inda robar take a matse ya taimaka mata tsagewa. Ɗigon fentin bango kan ɓantare da kansa idan an jiƙa shi aka ɗaga da tsinken katako. Akwai kuma wani tabo da ke ruɗar mutane: doguwar shaida mai kwarmi a jikin rediyon aljihu, kamar an ɗora masa zazzafar waya. Wayar abin saurare na kunne ce, ko jakar leda, da aka naɗe a jikinsa shekaru. Man da ke sa wayar laushi ya tsiyaya ya narkar da folistirin. Wanki ba ya taɓa wannan, kuma darasinsa shi ne kada a sake ajiye rediyo da waya a naɗe a jikinsa.

Ɗakin batir yana buƙatar a san irin batirin da ya zube. Batir mai alkalin, wanda lambarsa ke farawa da LR kamar LR6 ko LR20, yana barin farin gari mai ƙuna, sai a kashe kaifinsa da ruwan khal a kan tsinken auduga har kumfa ta daina tashi. Tsohon batir na zinki da gawayi, mai lamba R6 ko R20, abin da yake zubarwa mai tsami ne, shi kuma ƙaramin cokalin bekin soda a kofin ruwa ake sa masa. Kowanne aka yi, a bi da ruwa zalla, a busar. A kare idanu, domin garin yana tsalle idan ana kankara.

Yanzu ga wurin da ya fi kowanne haɗari, allon tashoshi. A kan manyan rediyon Jamus na shekarun 1950, irin su Grundig da Telefunken da Saba, sunayen birane da lambobin mita an buga su ne a bayan gilashin, kuma fentin ya tsufa har ya zama jiƙaƙƙen yatsa ma yana iya ɗauke shi. Ƙananan rediyon Japan na ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 su ma an yi musu ado da fenti ta bayan roba mai haske, wanda shi ne ke ba su kyan nan mai zurfi. Dokar a nan ɗaya ce: gefen da babu rubutu a goge shi da ɗan danshi, ana kula kada ruwa ya zagaya ta baki. Gefen rubutu kuwa buroshi mai laushi ƙwarai, a bushe, shi ma sai in fentin bai fara tashi ba. In ya fara ɓarewa, ko iska kada a hura masa. Allon tasha mai ɗan hazo da ake iya karantawa ya fi wanda aka wanke tas ya koma gilashin taga. A ɗauki hotonsa da kyau tun kafin a taɓa, domin in ƙaddara ta faɗa, da hoton ne za a sake buga wani.

Maɓallai su ne suka fi tara dauɗar hannu a cikin tsaginsu. Na roba zalla a jiƙa su a ruwan sabulu rabin sa'a, a bi kowane tsagi da buroshin haƙori da tsinke. In suna da ɗan ƙarfen matsi a ciki, a zare shi kafin jiƙawa ko a busar da shi sosai, in ba haka ba ya yi tsatsa ya manne wa sandar. Masu hular tagulla ko alminiyam da aka liƙa da gam ba a jiƙa su, hular za ta faɗi. Tagullar ado yawanci an rufe ta da siririn banish, man goge ƙarfe yana cire shi, bayan 'yan makonni wurin ya yi baƙi. Zoben da ke ƙyalli kamar azurfa a kan roba kuwa wani hucin ƙarfe ne da bai kai kaurin gashi ba, guga biyu da man goge ƙarfe sai a tarar da robar da ke ƙasa. Farin layin da ke nuna matsayin maɓalli, in ya fita, ana cike kwarminsa da farin fentin ruwa na masu zane, a share na saman kafin ya bushe.

Bayan ɗauraya, in ruwan yankin mai barin farin tabo ne, a yi ta ƙarshe da tataccen ruwa irin na batirin mota. A tsane da tsumma, a girgiza ruwan da ya maƙale a ramukan sukurori, a bar kayan a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana ɗaya cur. Ba rana, ba na'urar busar da gashi.

Sai an wanke an bushe ake maganar ƙyalli. A kan folistirin, ABS ko akirilik mai santsi, ƙananan ƙarce suna fita da man goge roba irin su Novus mai lamba 2, ko a rashinsa farin man goge haƙori, ana murzawa da hannu a hankali. Ƙarce mai zurfi da farce ke maƙalewa a ciki yana buƙatar samfefar ruwa, daga mai lamba 1500 zuwa 2000 zuwa 3000, sannan man gogewa. Wannan a kan roba mai santsi da launinta ya ratsa har ciki kawai. Roba mai ƙuraje in aka sa mata samfefa za ta yi wani santsin tabo da ya fi ƙarcen muni. Injin gogewa mai gudu yana ɗumama folistirin har ta narke ta yi kunya-kunya, hannu ya fi. Bakelite kuwa man gogewa mafi laushi za a sa mata, shi ma kaɗan, sannan a rufe da kaki, na karnuba ko irin wanda gidajen adana kayan tarihi ke amfani da shi: shafa siririya, a bari ya bushe, a goge, a maimaita sau biyu ko uku. Wadda rana ta riga ta cinye fatarta ba za ta dawo kamar sabuwa ba, amma kaki, ko man takalmi mai launinta, yana cike ƙofofin ya dawo mata da duhu da ɗan sheƙi. Feshin silikon na gaban mota a guje shi. Yana ba da ƙyallin ƙarya mai santsi, yana rarrafawa cikin makunnai, kuma fenti ko gam ba za su sake kama wurin ba.

Game da farar ABS da ta koma rawaya, an san dabarar shafa mata haidirojin faroksaid a shanya ta a rana. Tana aiki, amma ra'ayina shi ne a bar ta sai ga murfin da ba a jin asararsa. Rawayar canji ne a cikin robar kanta, ba datti ba, kuma sau da yawa tana dawowa bayan wani lokaci. In maganin ya bushe a wani wuri kafin wani, sai ya bar dabbare-dabbaren da ba ya gyaruwa, kuma a kan roba mai launi yana kwashe launin. Rediyon da ya shekara arba'in yana da haƙƙin ya nuna shekarunsa, muddin yana da tsabta.

Wajen mayar da komai, a sa sukuru a raminsa, a juya shi baya a hankali har a ji ya faɗa tsohon zarensa, sannan a ɗaure. In aka tura shi kai tsaye zai yanka sabon zare ya fasa gindin robar. A ɗaure da yatsu biyu, a tsaya da zarar ya zauna, musamman a kan Catalin da ta riga ta tsuke. Kuma akwai wani abu da ya wuce kyau. Rediyo masu bawul da yawa, ciki har da dangin Bush DAC90 da ƙananan rediyon Amurka masu bawul biyar, ba su da taransifoma mai raba su da wutar bango, don haka shasinsu kan iya ɗaukar wutar gidan gaba ɗaya. A irinsu, akwatin roba da maɓallai da murfin baya su ne kaɗai tsakanin hannun mutum da lantarki. Ba a kunna su da maɓalli a cire, ko da wanda ya tsage har ƙarfe ya leƙo, ko da sauran danshi a jiki. In maɓallin yana da ɗan sukuru a gefe wanda aka toshe raminsa da kaki tun daga masana'anta, a sake toshe shi bayan an ɗaure. Rediyon da ya daɗe a ajiye kuma, komai kyan da ya yi bayan wanki, a kai wa mai gyara ya duba kondensa da wayar wutarsa kafin a sa shi a soket.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran tsofaffin akwatunan rediyo